Darasi na Goma Sha Ɗaya: Jakadun da Ke Tafiya Cikin Jini

A darasin da ya gabata mun yi magana a kan jijiyoyi, mun ga yadda suke kai labari cikin ƙiftawar ido, har mutum ya janye ƙafarsa daga kan garwashi tun bai gama sanin ya taka wuta ba. To, amma akwai waɗansu al'amura na jiki da gaggawa ba ta yi musu amfani, sai dai tsari da haƙuri da lissafin kwanaki, kamar girman yaro daga rarrafe zuwa tsayuwa, da buɗewar muryar saurayi idan ya balaga, da zuwan haila ga mace wata bayan wata, da tsatsowar nono ga mai jego, da daidaita sukarin da ke cikin jini ko mutum ya ƙoshi ko yana azumi. Waɗannan duka Allah Maɗaukakin Sarki ya danƙa su ga wata runduna dabam, wadda hanyarta jini ce, ita ce kuma za mu karanta yau.

Wanda ya ji labarin sarautar ƙasar Hausa ta da ya san cewa hakimai a birni suke zaune kusa da sarki, alhali garuruwan da suke riƙe da su suna can nesa, wani tafiyar yini, wani tafiyar kwana uku, don haka kowane hakimi yana da jakadunsa waɗanda ke kai umarni ga dagatai, su kuma komo masa da labarin abin da suka tarar. Haka jikin ɗan Adam yake. A cikinsa akwai waɗansu 'yan tsokoki, mu kira su maɓuɓɓugai, tun da aikinsu shi ne su tsatso da wani ruwa ɗan kaɗan su zuba shi cikin jini, jini kuwa ya zaga da shi ko'ina, daga tsakar ka har tafin ƙafa. Wannan ruwa shi likitoci suke kira homon, shi ne kuma jakadan. Ko da yake jakadan yana bi ta ƙofar kowace gaɓa, ba kowace ke amsa masa ba, sai wadda aka halitta mata makarɓin da ya dace da shi, kamar yadda mai shela yakan yi kira a kasuwa kowa ya ji, amma wanda aka ambaci sunansa kaɗai ke tashi. Sanin wannan bai daɗe a duniya ba. A shekarar 1902 waɗansu masana biyu a Landan, William Bayliss da Ernest Starling, suka gano cewa hanji yana aika saƙo ta cikin jini ba tare da jijiya ba, a 1905 kuma Starling ya raɗa wa irin wannan saƙo sunan homon, daga wata kalmar Girkanci mai ma'anar zaburarwa.

Fadar jakadun nan tana ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, inda wata maɓuɓɓuga take rataye wadda girmanta bai wuce ƙwayar wake ba, nauyinta kuma kimanin rabin giram, ana ce mata fituwitari. Ita ke ba da umarni ga maɓuɓɓugar da ke wuya, da waɗanda ke zaune a kan ƙoda, da gidajen ƙwan mace, da marainan namiji, ita kuma tana karɓar nata umarni daga wani yanki na ƙwaƙwalwa da ke bisa kanta. Abin da nake so ɗalibi ya riƙe, ko da sunayen nan duka za su kuɓuce masa, shi ne ƙa'idar da aikin yake tafiya a kanta, wato mizani. Dubi mai ban ruwa a lambu: yakan buɗe wa fangali ruwa, idan ya ga ya cika sai ya toshe, in ƙasa ta shanye ya sake buɗewa. Haka nan idan wani homon ya yawaita a jini, labari yakan koma fada a rage aike, in ya yi ƙaranci a ƙara, dare da rana, ba tare da mai jikin ya sani ba, balle a nemi shawararsa.

Mu fara da sukari, domin a nan mizanin ya fi fitowa fili. Tuwon dawa da na masara, da shinkafa, da rogo, da fura, da burodi, dukansu idan suka narke a ciki sukan koma wani irin sukari da ake kira gulukos, ko da mutum bai ji zaƙinsu a baki ba, wannan kuwa shi ne makamashin da gaɓoɓi suke aiki da shi, musamman ƙwaƙwalwa. Babban mutum yana da jini kimanin lita 5, amma sukarin da ke yawo cikin wannan jini gaba ɗaya, idan ya kwana bai ci kome ba, bai wuce giram 4 zuwa 5 ba, wato cikin ƙaramin cokalin shayi guda. Ka auna wannan da malmalar tuwon da ka ci daren jiya, ka tambayi kanka ina sauran ya shiga. Amsar tana wurin wata tsoka doguwa da ke kwance a bayan tumbi, tsawonta kusan taƙi guda, wadda likitoci ke kira fankiriyas. Da zarar sukari ya hau bayan cin abinci, sai ta saki homon mai suna insulin, shi kuwa ya buɗe wa sukarin ƙofa ya shiga cikin tsoka da kitse, ya kuma umarci hanta ta tara rarar, kamar yadda ake zuba hatsi a rumbu da kaka. Idan aka daɗe ba a ci ba sukari ya fara sauka, sai wannan tsoka dai ta saki wani homon, gulukagon, wanda ke cewa da hanta ta buɗe rumbu. Wannan shi ne sirrin da ya sa mai lafiya yakan yi sahur da asuba, ya yini a gona ko a kasuwa, har ya kai magariba da hankalinsa a jikinsa.

Ciwon sukari kuwa lalacewar wannan mizani ne, yana kuma zuwa ta fuska biyu. Ta farko, wadda galibi takan kama yara da matasa, ita ce jiki ya daina yin insulin gaba ɗaya, mai wannan kuwa rayuwarsa ta rataya ga allura kullum. Ta biyu, wadda ita ce ta kama kimanin tara cikin goma na masu ciwon, ita ce insulin yana nan amma gaɓoɓi sun daina sauraronsa yadda ya kamata, gado yana da hannu a ciki, haka ma ƙiba da zama wuri ɗaya. A kowanne hali sukari yakan taru a jini ya malala cikin fitsari ya ja ruwa tare da shi, shi ya sa za ka ga yawan fitsari da dare, da ƙishirwar da ba ta yankewa, da rama duk da cin abinci, da kasala, da miki a ƙafa wanda ya ƙi warkewa, har tururuwa su taru inda mutum ya yi fitsari. Malaman ɗibbu na da sun san alamun nan, Ibn Sina ma ya siffanta zaƙin fitsarin da ruɓewar gaɓa a littafinsa Alƙanun tun kusan shekara dubu da suka wuce, amma sababin bai bayyana ba sai a 1889, da waɗansu likitoci biyu, Minkowski da von Mering, suka cire wa kare fankiriyas suka ga ciwon ya kama shi nan da nan. A 1921 Frederick Banting da Charles Best suka tatso insulin a birnin Toronto na Kanada, a watan Janairu na 1922 kuma aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, allurarsa, alhali an fid da rai da shi, ya tashi ya ƙara shekara 13 a duniya. Ranar haihuwar Banting, 14 ga Nuwamba, ita ce yanzu ranar tunawa da ciwon sukari ta duniya.

Abin da ke ci mini rai a wannan mas'ala shi ne, awon jinin ɗigo ɗaya ne daga yatsa, bai kai minti biyu ba, amma mutanenmu da yawa ba sa sanin suna da ciwon sai ido ya dushe ko ƙoda ta gaza ko an kai ga yanke ƙafa. Wanda ya kwana bai ci ba, idan na'ura ta nuna masa tsakanin 70 da 99, lafiya lau. In ta nuna 126 ko fiye, aka sake awo wata rana ta maimaita, to, ciwon ya tabbata, waɗansu na'urori kuma da wani ma'auni suke lissafi, wannan iyaka a wurinsu 7.0 ce. Mai shan magani ya sani cewa sukari yana iya faɗuwa ƙasa da kima, alamarsa gumi da rawar jiki da ruɗewa, maganinsa na gaggawa kuwa abu mai zaƙi, muddin yana iya haɗiya. Don haka wajibi ne mai wannan ciwo ya ga likitansa kafin Ramadan ya kama, a gyara masa lokutan magani ko a faɗa masa gaskiya cewa azumi zai cuce shi, shari'a kuwa ta riga ta yi wa mara lafiya rangwame, karɓar rangwamen nan ba ragwanta ba ce.

Yanzu sai mu koma ga haila, wadda ita ce mafi zurfin lissafi a cikin ayyukan jakadun nan, ina kuma roƙon maza kada su ce wannan fasali na mata ne, domin gidan da miji ya jahilci wannan al'amari, mace ce ke shan wahalarsa. Malamanmu na fiƙihu sun yi wa haila da nifasi babi na musamman a littattafan da muke karantawa a zaure, irin su Ahlari da Iziyya da Risala, suka ƙayyade cewa mafi yawan kwanakinta ga wadda ta fara gani 15 ne, abin da ya zarce kuma jinin istihala ne. Hukuncin salla da azumi nasu ne, gare su za a koma. Abin da ya rage mana a nan shi ne sababi, wato me ke kawo jinin, me kuma ke ɗauke shi.

Kowace 'ya mace ana haihuwarta da ƙwayayenta a ajiye, miliyan ɗaya zuwa biyu, cikin waɗansu gidaje biyu da ke dama da hagun mahaifa, kowanne bai fi girman ɗan dabino ba. Mafi yawansu sukan shuɗe tun tana ƙarama, waɗanda kuwa za su nuna har su fita a tsawon rayuwarta ba su wuce 400 zuwa 500 ba. Ana fara ƙidaya daga ranar da jini ya zo, ita ce rana ta ɗaya. A waɗannan kwanaki fituwitari takan aika jakada na farko zuwa gidajen ƙwai cewa a fara renon ƙwan wannan wata, sai 'yan ƙwayaye kaɗan su taso, ɗaya ya rinjayi saura, jakar da yake ciki kuma ta riƙa fitar da homon mai suna istirojin, wanda ke sa bangon mahaifa ya yi sabuwar shimfiɗa mai kauri da yalwar jini. A nan wani abin mamaki yakan faru, domin ƙa'idar mai ban ruwa takan juya: idan istirojin ya kai ƙololuwa, maimakon fada ta rage aike, sai ta turo jakada na biyu da ƙarfi a lokaci guda, bayan kamar yini ɗaya zuwa ɗaya da rabi kuma jakar ta fashe ƙwai ya fita ya kama hanyar mahaifa. Mata da yawa sukan gane kwanakin nan da wani farin ruwa mai yauƙi kamar ɗanyen farin ƙwan kaza. Jakar da ƙwan ya bari ba ta zama banza ba, takan koma maɓuɓɓuga ta wucin gadi mai fitar da furojestiron, wanda aikinsa shi ne ya riƙe shimfiɗar nan ya tausasa ta, ko da ciki zai shiga. Wa'adinta kimanin kwana 14 ne. Idan ciki bai shiga ba sai ta bushe, furojestiron ya faɗi, shimfiɗar da ba ta da mai riƙe ta kuma ta saɓule ta fito, wannan shi ne jinin haila, wanda galibi duk adadinsa bai wuce cikin babban cokali biyu zuwa uku ba. In kuwa ciki ya shiga, sai abin da zai zama mabiyiya ya aiko da nasa homon cewa kada jakar ta bushe, haila ta tsaya, shi ne kuma wanda tsinken gwajin ciki yake ganowa a fitsari.

Daga wannan bayani fa'idodi da yawa suna fita. Kwana 28 da ake yawan faɗa daga haila zuwa haila matsakaici ne kawai, domin daga 21 zuwa 35 duk lafiya ne, jinin kansa kuma daga kwana 2 zuwa 7. Tun da kashin ƙarshe na zagayen, wato bayan fitar ƙwai, shi ne wa'adinsa ya fi tabbata, ƙwai yakan fita ne kimanin kwana 14 kafin haila mai zuwa, don haka wadda zagayenta 35 ne ƙwanta yakan fita wajen rana ta 21, wadda nata 28 ne kuma wajen rana ta 14. Ƙwan ba ya wuce yini guda da rai bayan fitarsa, alhali maniyyi yana iya jira har kwana 5 a jikin mace, saboda haka kwanakin samun ciki a kowane wata kimanin 6 ne. Tun da kuma fadar tana ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, tashin hankali da baƙin ciki da yunwa da jinya mai tsanani suna iya jinkirta haila ko su ɗauke ta, ba tare da sammu ko shafar iska ba. Yarinyar da ta fara gani takan yi shekara ɗaya ko biyu kafin kwanakinta su daidaita, wadda ta kai tsakanin shekara 45 da 55 kuma za ta ga suna rikicewa har su ɗauke, tare da zafin jiki da gumin dare, saboda istirojin ya ja baya. Amma jinin da ya dawo bayan shekara guda da ɗaukewa, da wanda ya wuce mako yana zuba da gudaji, da haila da ta ɓace wata uku ba ciki ba shayarwa, waɗannan na asibiti ne ba tare da jinkiri ba. Haka nan rashin haihuwa, wanda al'adarmu take ɗora wa mace ita kaɗai tun ba a bincika ba: sau da yawa illar tana ga homon da magani ke iya gyarawa, sau da yawa kuma tana ga namijin, adalci shi ne a auna su duka biyu.

Shayarwa ma jakadu biyu ke riƙe da ita, furolaktin mai sa a yi nonon, da oksitosin mai matso shi idan jariri ya kama, shi ne kuma mai murɗa mahaifa lokacin naƙuda. Yawan tsotso yana danne fitar ƙwai, shi ya sa haila takan jinkirta ga mai jego, amma ba a dogara da wannan wajen tazarar haihuwa sai da sharaɗi uku: jariri bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, haila kuma ba ta dawo ba. Ƙwayoyi da alluran tazara su ma homon ne da aka kwaikwaya, suna sa fada ta ɗauka aiki ya wadatar ta daina aiken fitar da ƙwai. Akwai wata larura da ya kamata ungozomomi su sani, wadda wani likitan Ingila, Harold Sheehan, ya siffanta a 1937: macen da ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa, fituwitarinta tana iya lalacewa, sai nono ya ƙi zuwa, haila ta ƙi dawowa, kasala ta rufe ta shekara da shekaru, ana ta yi mata rubutu da turare alhali maganinta yana asibiti.

Sauran maɓuɓɓugai za mu taɓa su a gurguje. Ta wuya, wadda ake kira tayirod, ita ke ƙayyade saurin da jiki ke ƙona abinci, tana kuma bukatar sinadarin aidin, in ta rasa shi sai ta kumbura ta zama maƙoƙo, ɗan da ke ciki kuma ƙwaƙwalwarsa ta tauye, dalilin da ya sa ake zuba aidin a gishirin da ake sayarwa cikin leda ke nan. Marainan namiji suna fitar da testostiron mai kawo gemu da kaurin murya. Na kan ƙoda kuwa suna fitar da adirenalin, wanda ke sa gaba ya faɗi zuciya ta buga idan ka yi kiciɓis da maciji, da kuma kotisol, wanda a kansa nake da gargaɗi. Ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha ka fashe, da waɗansu mayukan bilicin, a cikinsu akwai kwaikwayon wannan homon mai ƙarfin gaske. Ƙibar da suke kawowa ta ciwo ce, fuska ta kumbura, ciki ya tulle, ƙafafu su sirance, nankarwa ta fito, jini ya hau, sukari ya hau, ƙashi ya yi rauni, haila ta rikice. Mafi muni kuma, da yake jiki ya ga homon ya yawaita, sai maɓuɓɓugansa su kwanta barci, ta yadda wadda ta daɗe tana sha in ta daina farat ɗaya tana iya faɗuwa har ta rasa ranta. Wadda ta riga ta shiga wannan hali kada ta yar da ƙwayar da kanta, ta je likita ya janye mata ita sannu a hankali.

Ga aikin da za ku yi kafin mu sake haɗuwa. Kowace ɗaliba ta ware shafi guda a bayan littafinta, ta rubuta ranar da jini ya zo da ranar da ta yi tsarki, ta ci gaba da haka har wata uku, domin wannan shafi zai amfane ta a gaban likita, ya kuma amfane ta idan ta kai tambaya wurin malami. Kowane ɗalibi kuma, namiji ko mace, wanda ya kai shekara 40, ko yake da mai ciwon sukari a cikin iyayensa ko 'yan'uwansa, ya je asibiti mafi kusa da safe tun bai karya ba, a auna masa jini, ya rubuta lambar da aka faɗa masa ya zo da ita aji.